Ruwan zafi ya koma kamar zare a famfon kicin: abin da na duba kafin in sayi sabuwar hita

  

Yau maganar famfo za mu yi. E, famfo. Na san wani zai ce duk abubuwan da ke damun mutane sai famfon kicin? To a yi haƙuri a saurara, don famfon nan saura ƙiris ya cinye min kuɗin ragon suna.

Ga yadda aka yi. Farkon watan Janairu Allah ya sauki iyalina lafiya, muka samu 'ya mace. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta zo zaman jego. Wanda ya san Kano a wannan lokacin ya san yadda safiya take, hazo ya rufe gari, ruwan da ya kwana a tanki kuwa idan ka sa hannu sai ka ji kamar an sare ka. Ga 'yan barka suna ta zuwa, kwanuka ba sa yankewa, kuma duk na maiƙo. Gwaggo tana fama da sanyin ƙashi a yatsunta, amma ba ta yarda kowa ya taɓa mata wanke-wanke, wai yaran yanzu ba sa fitar da maiƙo. To a daidai wannan makon ne ruwan zafin famfon kicin, wanda dama ya daɗe yana raguwa muna kau da kai, ya koma kamar zare. Ka buɗe shi har ƙarshe, ka je ka dawo, kofi bai cika ba.

Sai Gwaggo ta koma ɗora tukunya a gas duk sanda za ta wanke ko da cokali ne. Ruwan wankan jego daban, wannan daban. Ina kallon tukunyar gas ina lissafi a zuci. Ranar nan ta kalle ni ta ce, "Ɗan nan, famfon nan naku na 'yan boko ya gaji, ko a samo min murhu a tsakar gida."

Na kira mai gyara. Ya zo, ya murɗa famfo, ya leƙa banɗakin da hitar take, ya ɗan ƙwanƙwasa jikinta da yatsa kamar mai sayen kankana, ya ce, "Oga, hitar nan ta mutu, sai sabuwa." Kuɗin da ya faɗa da na aiki, kusan kuɗin ragon da na yi ciniki ne. Na kira wani a waya, shi ko zuwa bai yi ba, ya ce tankinmu ne ba shi da tsayi, injin ƙara ƙarfin ruwa za a sa. Ba wai ina zagin masu gyaran famfo ba ne fa, akwai na kirki sosai, kuma za ku ji wanda ya taimake ni a gaba. Amma mutum biyu, magana biyu, kuma babu wanda ya kwance ko da noti ɗaya. Wannan ne ya sa na tsaya.

Da dare na zauna ina tunani. Ruwan nan da yake fitowa kamar zare, da zafinsa yake fitowa, zafi ma sosai. To hitar da ta mutu ai ruwan sanyi za ta ba ka. Kuma abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba, hitar da ake maƙalawa a bango ba ta da injin tura ruwa a cikinta. Tukunya ce kawai da ƙarfen dafa ruwa. Ruwan sanyin da ya gangaro daga tankin sama shi yake shiga ta ƙasanta, ya turo mai zafin da ke sama ya fita zuwa famfo. Ƙarfin ruwan zafinka, ƙarfin tankinka ne. Idan ya ragu alhali na sanyi bai ragu ba, to wani abu ne ya tsaya a hanya. Aikinka shi ne ka gano a ina.

Washegari na ɗauki robar ruwa ta lita ɗaya da rabi, na buɗe agogon wayata. Ruwan sanyi a kicin ya cika ta a daƙiƙa 18. Ruwan zafi a kicin, minti 2 da daƙiƙa 10. Sai na shiga banɗakin baƙi, wanda hita ɗaya suke sha da kicin, bango ne kawai tsakaninsu. Ruwan zafi a can, daƙiƙa 22. Wallahi a wurin na yi dariya ni kaɗai. Hitar da aka ce ta mutu ga ta nan tana ba banɗaki ruwa lafiya lau.

Don Allah duk wanda ke da irin wannan matsala, kafin ka kira kowa, yi wannan gwajin. Minti biyar ne. Idan zafi da sanyi duka sun ragu a famfo ɗaya, to bakin famfon ne. Idan zafi ne kawai kuma a famfo ɗaya, matsalar tana tsakanin bango da famfon, wato a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Idan kuwa zafin ya ragu a duk inda hitar take kai ruwa, sannan ne za ka ɗaga kai ka kalli hita. Kuma ka rubuta lambobin, don idan ka gyara ka san ko da gaske ka gyara ko idonka ne yake faɗa maka abin da kake so.

Duk da na san ba bakin famfo ba ne, da shi na fara, don shi ya fi sauƙi. A ƙarshen bakin famfo akwai wani ɗan zobe da ake murɗewa, cikinsa 'yar rariya ce mai tace datti tana gauraya ruwa da iska. Wani da hannu yake kwancewa, wani sai da filaya. Idan za ka sa filaya ka naɗa tsumma tukuna, kada ka kankare fentin azurfar. Kuma ka toshe ramin da ruwa ke bi, don akwai 'yar roba zagayayya a ciki, idan ta faɗa sai dai wani labarin. Na kwance, na ga yashi da wasu fararen ɓarɓashi. Na wanke da tsohon buroshin haƙori, na mayar. Sanyi ya ƙara ƙarfi kaɗan. Zafi yana nan yadda yake.

Sai na durƙusa na buɗe kabad ɗin ƙasa. Jama'a, kabad ɗin ƙarƙashin famfo a gidajenmu ai sito ne. Galan ɗin manja, omo, ledoji, tsohuwar bilenda da aka ce za a kai gyara tun bara. Na fito da su duka. A can ciki za ka ga tiyo biyu masu saƙar waya sun sauko daga famfo, kowanne ya shiga wani ɗan bawul da ke jikin bango. A ƙa'ida na hagu shi ne na zafi, amma kada ka yarda da ƙa'ida a ginin da ba ka ga yadda aka yi shi ba. Buɗe ruwan zafi ka taɓa, wanda ya ɗumama shi ne.

Abu na farko da na gani, galan ɗin manjan nan ya danne tiyon zafi ya lanƙwasa shi a jikin bango. Na miƙar da shi, na yi murna, na ce shi ke nan. Na sake gwadawa da roba. Minti 1 da daƙiƙa 40. Ya ɗan motsa, amma ba shi ba ne gaba ɗaya. Kuma tiyon da ya taɓa karyewa irin haka, robar cikinsa ba ta komawa daidai, gara a canja shi.

Sai bawul ɗin. Wani lokaci matsalar ba ta wuce an bar shi rabi a buɗe ba, ko wani kaya ya goge shi ya juya. Nawa a buɗe yake har ƙarshe, sai dai ya yi tauri, da ƙyar na rufe shi.

To ga inda na yi wauta, kuma zan faɗa don kada wani ya maimaita. Na kashe makunnin hita, na ɗauka shi ke nan. Na manta cewa lita 30 na ruwan da ya riga ya dahu yana nan a ciki, kashe wuta ba ya hucar da shi nan take. Na kwance tiyon daga bawul, na kara bokiti, na buɗe bawul ɗin don in ga ƙarfin da ke fitowa daga bango. Da yake bakinsa a toshe yake, maimakon ruwan ya zubo cikin bokiti sai ya yi tsartuwa gefe, kai tsaye a wuyan hannuna. Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Gwaggo ta rugo da gishiri a hannu, tana cewa a kawo ɗanyen ƙwai. Na ce, "Gwaggo ki yi haƙuri, ruwa kawai." Na sa hannun a ƙarƙashin famfon sanyi na kusan minti 20. Abin da ake yi wa ƙuna ke nan, ruwa mai sanyi mai gudu, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba manja ba. Allah ya taimake ni bai tashi ba, ja kawai ya yi. Da ya yi ƙwanƙiro babba, ko da yaro ne, asibiti za a tafi.

Yadda ya kamata in yi: a kashe hita, a je famfon da yake da ƙarfi a buɗe zafi a tara a bokitai har sai ya fara fitowa da sanyi. Ruwan ba asara ba ne, mu wankin kayan jaririya aka yi da shi. Sannan a ɗaura wani tiyo a bakin bawul a saka ɗaya bakin cikin bokiti kafin a buɗe.

Amma dai tsartuwar nan ta ba ni amsa. Ruwan tun daga bawul yake fitowa a shaƙe. Da ya fito da ƙarfi, da na san matsalar tana sama, a tiyo ko cikin famfon kansa.

Cire bawul daga bango sai an tsayar da ruwa daga baya. Na rufe bawul ɗin da ke shigar da ruwan sanyi cikin hita, wanda ba shi da shi sai ya rufe babban na gindin tanki. Na buɗe famfon banɗaki har ya daina zuba. Sannan na sa sifana a hankali. A hankali fa nake cewa. Idan ka ga bututun ƙarfe ne ya yi tsatsa, ka murɗa ya ƙi, to ka tsaya nan. Idan ya karye a cikin bango, fasa tayil za a yi, kuma gidan haya ne, kai da mai gida.

Nawa ya fito lafiya. Na haska shi da fitilar waya. Ashe akwai 'yar rariya a cikinsa shi ma, kuma ta cika dam da wasu fararen abubuwa kamar an daddaka ɓawon ƙwai. Ramin da ya rage wa ruwa bai fi kan allura biyu ba.

Mene ne wannan farin abu? Leƙa cikin butar lantarkin gidanku, ko tukunyar da ake dafa ruwan wanka kullum. Farin da yake kamawa a gindi, shi ne. Ruwan ƙasa yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magnesiyam a narke, ba ka ganinsu. Idan aka dafa ruwan sai kalsiyam ɗin ya fita ya daskare ya zama kamar farar ƙasa, asalinsa ma abu ɗaya ne da dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato ko Ashaka ta Gombe. Shi ya sa ɓangaren zafi ne yake toshewa, na sanyi yana lafiya. A cikin hita yana kama jikin ƙarfen dafa ruwa, ya yi kauri, ya ɓantare, ruwa ya kwaso ɓarɓashin ya kai shi inda hanya ta fi ƙunci. Mu da yawancinmu ruwan bohol muke sha, ba na Tamburawa ko Challawa ba, kowane gida da irin ruwansa. Wani nasa ba ya yin farin sosai, wani kuma ja yake yi saboda ƙarfe. Butar gidanku za ta faɗa maka naku.

Maganinsa abu mai tsami. Ruwan kal, wanda ake sa wa a salak, shi ya fi, farin nan mai arha. Babu shi, a matse lemun tsami. Na zuba a kofi na jefa rariyar, nan da nan ta fara 'yan kumfa. Wannan ma gwaji ne, abin da ya yi kumfa ya narke farar ƙasa ce, abin da ya zauna bai motsa ba yashi ne ko gutsuren roba. Awa ɗaya ta isa, sai buroshi. Idan famfonka irin baƙin nan ne ko mai ruwan gwal na yayi, kada ka bar jikinsa ya kwana a ciki, yana iya ɓata launin. Abu biyu kuma da ba a yi. Kada ka haɗa ruwan kal da Hypo ko wani bilic wai don ya fi ƙarfi, iskar da ke tashi guba ce, ga kicin a rufe, ga jariri a gida. Kuma kada wani ya ba ka shawarar ruwan batir. Bututun da kake wanke kwanon abincinka ne.

Rariyar ta fita tas, amma bawul ɗin kansa ya riga ya gaji, hannunsa yana cijewa. Na sa shi a leda tare da tiyon, na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa. Duk abin da za ka canja, tafi da tsohon, kada ka tsaya kwatance da hannu. A can na faɗa shagon wani dattijo. Na miƙa masa, ya juya shi, ya leƙa, bai ce komai ba sai ya tambaye ni, "Yaro, hitarka a nawa ka sa ta?" Na ce, "Baba, a ƙarshe take." Ya ce, "Wa ya kai ta?" Na ce ni ne. Tun shigarmu gidan na murɗe ta har ƙarshe, wai don ruwan ya yi zafi sosai a sirka da yawa ya ishi kowa. Ya girgiza kai ya ce to ni na dafa wa kaina dutsen.

Kuma gaskiyarsa. Iya zafin ruwa, iya saurin taruwar farin nan, musamman idan an haura digiri 60. Amma kada wani ya ji haka ya je ya mayar da tasa can ƙasa. Ruwan da aka ajiye da ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 zuwa 45, shi ne inda wata ƙwayar cuta da ake kira Legionella take yaɗuwa, tana kawo ciwon huhu mai tsanani idan aka shaƙi feshin ruwan. An gano ta ne bayan ɓarkewar cutar a wani taron tsofaffin sojoji a Philadelphia ta Amurka a 1976. Don haka wajen 60 ake so. Ko a 60 ɗin ma yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙoƙi, a riƙa fara buɗe sanyi.

Baban nan ya koya min wani abu kuma. Ya ajiye min bawul biyu ya ce in leƙa ramin kowanne. Ɗaya raminsa ƙarami, ɗaya kuwa idan ka buɗe shi kana hango haske ta ciki sosai. Haka tiyo, ya ce in hura kowanne da baki in ji wanda iska ta fi wucewa. Daga waje duk kamarsu ɗaya, amma wani cikinsa kamar tsinken shan lemo. Ya ce mai tankin sama ba shi da ƙarfin ruwan da zai yi asara, ya ɗauki mai faɗi. Na ɗauka, da farin tef na naɗa zare. Duka kuɗin bai kai na cefanen kwana ɗaya a makon suna ba.

Kafin in ɗaura, na buɗe ruwa kaɗan ya wanko bututun bango cikin bokiti, wasu ɓarɓashin suka ƙara fitowa. Sai na wanke famfon kansa ta baya. Wannan dabarar tana da daɗi. Tiyon zafi yana rataye cikin bokiti, ba a haɗa shi da bango ba, bawul ɗin zafi a rufe. Ka toshe bakin famfo da tafin hannu ko babban yatsa, ka sa hannun famfon a tsakiya ka ɗaga. Ruwan sanyi ba shi da hanyar fita, sai ya juya ta ɓangaren zafi ya fito ta tiyon, ya kwaso duk abin da ya maƙale. Ka tabbata dai famfo mai baki ɗaya ne da ke haɗa zafi da sanyi.

Wajen ɗaurawa, tef a zaren bawul da ke shiga bango ake naɗa shi, a bi yadda ake ɗaure noti, zagaye kamar goma. Bakin tiyo kuwa ba ya son tef, 'yar robar cikinsa ce take riƙe ruwa. Ka ɗaure da hannu, ka ƙara kaɗan da sifana, ka bari. Masu ɗaurewa da dukkan ƙarfinsu su ne suke tsinka robar. Sannan, wannan da muhimmanci, kada ka kunna hita sai ka buɗe ruwa ya cika ta, famfon zafi ya gama tari da atishawa yana zuba sumul. Ƙarfen dafa ruwa idan ya kama wuta babu ruwa a kansa, ƙonewa yake yi. A nan ne hitarka za ta mutu da gaske.

Na ɗauko roba. Daƙiƙa 24. Daga minti 2 da 10.

To wanda ya yi gwajin bokiti ya ga ruwa yana fitowa da ƙarfi daga bango fa? Ka canja tiyo tukuna. Idan bai yi ba, sai zuciyar famfon, abin da masu shago ke kira katirij. A jikin hannun famfo akwai ɗan maɓalli mai ja da shuɗi, ka ɓalle shi, a ciki akwai ƙaramin noti da ake kwancewa da alanki. Hannun ya fita, ka cire murfi da babban noti, ka zaro shi. Ka jiƙa a ruwan kal, ko ka sayi sabo. Sun bambanta a girma, akwai mai milimita 35, akwai mai 40, shi ya sa na ce a tafi da tsohon. Ka ɗauki hoto a waya kafin ka cire kowane abu, za ka gode min.

Wanda kuma zafin ya ragu masa a ko'ina, ka duba inda ruwan sanyi yake shiga hita. Akwai wani bawul na tagulla mai alamar kibiya, da ɗan baki a gefe. Aikinsa biyu, yana hana ruwan zafi komawa baya, kuma yana sakin ruwa idan matsi ya yi yawa a ciki. Shi ma farin nan yana kama shi ya hana shi buɗewa sosai, kuma canja shi ba tsada. Amma ku ji wannan da kyau. Ɗan bakin nan yakan ɗiga idan hita tana aiki, don ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Ba lalacewa ba ce. Na taɓa shiga wani gida na ga an toshe shi da ƙusa da leda wai yana ɓata tayil. Ranar da na'urar da ke yanke wuta ta ƙi aiki, ruwa ya tafasa babu mafita, tukunyar tana iya fashewa. A sa masa siririn tiyo ya sauka magudana, kada a toshe.

Akwai kuma iska. Mu da tanki yake ƙarewa duk sanda aka kwana biyu babu wuta, idan aka sake buga ruwa iska takan maƙale a bututun zafi. Alamarta famfo ya riƙa tari yana tofi, kuma abin ya fara ne daidai bayan tanki ya ƙare. Kashe hita, cika tanki har baki, buɗe duk famfunan zafi a lokaci ɗaya ka bar su su yi ta zuba har su daidaita. Sau da yawa wannan ya isa.

Idan kuwa tun ranar da aka gina gidan ruwan zafin bai taɓa ƙarfi ba, to zargi aikin bututu. Koren bututun nan na PPR da wuta ake haɗa shi, idan mai aikin ya bar shi ya narke da yawa, robar tana taruwa a cikin mahaɗar ta rage ramin, daga waje kuma ba ka ganin komai. Tsofaffin gidaje masu bututun ƙarfe kuma tsatsa ce take cike cikin. Waɗannan ba aikin sifanar gida ba ne.

Bari in koma kan mutumin da ya ce tankinmu ba shi da tsayi, don maganarsa ba ƙarya ce zalla ba. Duk mita 10 na tsayi tsakanin saman ruwan tanki da bakin famfo yana ba da matsi kusan ba 1, ba shi ne ma'aunin da za ka gani a kwalin famfo. Namu tankin bai fi mita 5 a kan famfo ba, wato rabin ba ke nan. Da yawan famfunan zamani da ake shigo da su an yi su ne don gidajen da ruwa ke zuwa da ƙarfin ba 2 ko 3. Ka ga tun a shago an riga an cuce ka idan ka bi kyau kawai. Masu saurarenmu a Ingila sun san wannan, tsofaffin gidajensu ma tanki ne a rufi yake tura ruwan zafi, shi ya sa a can ake rubuta mafi ƙarancin matsin da famfo yake buƙata. Ka duba kwali. Masu hita irin wadda ba ta ajiye ruwa, mai dafawa nan take, ku naku ya fi tsanani, don idan gudun ruwa ya yi ƙasa ba ta ma kamawa, sai ka ji sanyi. Ita ma tana da rariya a mashigarta.

Injin ƙara ƙarfi yana da amfani idan gidan gaba ɗaya, zafi da sanyi, ba ƙarfi. Amma da na sa shi a nawa, da na biya kuɗin inji, na ƙara kuɗin wuta, yana ta tura ruwa a jikin rariyar da ta toshe.

Abin da ban taɓa ba shi ne cikin hitar. Tunda ɓarɓashi ya iso kicin, na san akwai tarinsa a gindinta, kuma zai sake zuwa. Wanke ta sai an zubar da ruwan, an cire ƙarfen dafa ruwa, a duba sandar magnesiyam da ke hana tukunyar tsatsa, don ita cinyewa take yi a hankali. Nan akwai wayar wuta, akwai ruwa, kuma kayan mai gida ne. Na tura masa hoton bawul ɗin da abin da na fitar a tafin hannuna, muka yi magana za a kawo mai gyara bayan suna, a cire a kuɗin haya. Ya ce zai duba. Kun san "zan duba" na masu gida, ina nan ina bibiya.

Na mayar da hita 60, na hana a sake ajiye galan a ƙarƙashin famfo. An yi suna, rago ya samu. Gwaggo kuwa da ta buɗe famfo ta ga ruwa, ta sa hannu ta janye, ta ce, "To yanzu kuma ya cika gaggawa." Har yau idan baƙi suka zo sai ta ba su labarin ƙarar da na yi, ba ta taɓa ba da labarin gyaran ba.

Wanda ya yi gwajin roba, ya turo mana lambobinsa guda uku, sanyin kicin, zafin kicin, zafin banɗaki, da irin hitarsa, za mu duba tare a shiri na gaba in Allah ya kai mu.